Gayya a Gonakin Zaitun: Gwagwarmayar Lumana a Falasɗinu da Masu Dafa Mata

A ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran karkarar Kano, labarin Falasɗinu yakan iso kunnen jama'a ta rediyo da wayar hannu da huɗubar Juma'a, kuma kusan kullum da fuskar yaƙi yake zuwa, wato ruwan bama-bamai a Zirin Gaza da ƙidayar waɗanda suka rasu. Sai dai gwagwarmayar Falasɗinawa tana da wani ɓangare da ba kasafai yake shiga kanun labarai ba, wanda ake yi ba tare da makami ba, kuma mai noman gero da dawa da gyaɗa a gabashin Kano zai riga mazaunin birni gane shi, domin tushensa rigima ce a kan gona da rijiya da makiyaya da hanyar kai amfani kasuwa.

Abin da ake kira mamaya a dokokin ƙasa da ƙasa shi ne sojojin wata ƙasa su riƙe ikon wani yanki da ba nasu ba bayan yaƙi, bisa sharaɗin cewa riƙon na ɗan lokaci ne, kuma ba za su kwaso mutanensu su zaunar da su a wurin ba. Isra'ila ta kama Gaɓar Yamma da Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus da Zirin Gaza a yaƙin kwana shida na watan Yunin 1967, kuma a cikin wannan shekarar rundunarta ta kafa doka mai lamba 101, wadda ta hana mutum goma ko fiye su taru a kan wata magana ta siyasa sai da izinin kwamandan soja. Ke nan a Gaɓar Yamma zanga-zangar lumana ita kanta laifi ce da kan iya kai mutum gaban kotun soja. Yarjejeniyar Oslo ta biyu, ta 1995, ta kasa yankin gida uku, kuma kason da ya fi girma, wanda ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, ya ci gaba da zama a hannun Isra'ila ɗungurungum, kuma a nan ne akasarin gonaki da makiyaya suke, a nan ne kuma aka gina mafi yawan matsugunan Isra'ilawa 'yan kama-wuri-zauna.

Akwai wata tsohuwar doka da ta fi kowace bayyana dalilin da ya sa noma ya zama gwagwarmaya. Dokar filaye ta Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ta shekarar 1858, ta tanadi cewa gonar da aka bari ta yi shekara uku a jere ba a noma ta ba tana iya komawa hannun hukuma, kuma mahukuntan Isra'ila sun yi ta dogara da fassararsu ta wannan doka wajen ayyana filaye masu yawa a matsayin mallakar gwamnati. A ƙasar Hausa manomi kan bar gona ta zama saura domin ta huta ta yi ƙarfi, kuma dagaci da maƙwabta sun san mai ita ko da ta yi shekaru ba a sa mata garma ba. A Gaɓar Yamma kuwa, idan shinge ko katanga ko barazanar 'yan kama-wuri-zauna ta hana mutum isa gonarsa, rashin noman da aka tilasta masa shi ne zai iya zama hujjar raba shi da ita. Wannan ne ya ba kalmar Larabcin nan ta sumud nauyin da take da shi a bakin Falasɗinawa, kalmar da ma'anarta ta fi kusa da dagewa ko tsayuwar daka, wato mutum ya ƙi tashi, ya sake dasa itacen da aka tumɓuke, ya sake gina ɗakin da aka rusa, ya kai ɗansa makaranta ko da sai ya bi ta shingen bincike sau biyu a rana.

Tsinkar zaitun takan kama a watannin Oktoba da Nuwamba, daidai lokacin da ake cire gyaɗa da yankan dawa a Kano, kuma ƙauyukan Falasɗinu suna da tsohuwar al'adar da suke kira auna, wadda ba ta da maraba da aikin gayya, inda dangi da maƙwabta kan taru su gama gonar wannan su koma ta wancan. Abin da baƙi masu goyon baya suka ƙara a kan wannan al'ada shi ne idanun duniya. Tun daga 2001, lokacin da wasu Falasɗinawa da abokansu na waje suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da ISM, sannan Majalisar Coci-coci ta Duniya ta fara nata shirin rakiya a 2002, 'yan sa-kai daga Turai da Amurka da Afirka ta Kudu da sauran sassa sukan je su zauna a ƙauyuka, su raka manomi gona, su raka makiyayi kiwo, su tsaya a bakin shinge da kyamara da littafin rubutu. Lissafin a fili yake, ko da yake yana da ɗaci: soja ko ɗan kama-wuri-zauna yakan yi tunani kafin ya taɓa manomi idan ga wani mai fasfon Jamus ko Amurka yana kallo, domin akwai ofishin jakadanci da jarida a bayan wannan baƙo, abin da shi manomin bai da shi.

Wannan salo na gwagwarmaya ba tare da makami ba ya girme wa zuwan baƙin nesa ba kusa ba. A 1936 Larabawan Falasɗinu sun yi yajin aiki na gama-gari har na wata shida a ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma boren da ya tashi a Disambar 1987, wanda ake kira Intifada ta farko, ko da yake an fi tuna shi da hoton yara masu jifa, mafi yawan aikinsa rufe shaguna ne da ƙaurace wa kayan Isra'ila da koyar da yara a gidaje bayan an rufe makarantu. A 1989 mutanen Bait Sahur, wani gari kusa da Baitalami da akasarin mazaunansa Kiristoci ne, suka ƙi biyan haraji ga hukumar soja, aka killace garin fiye da kwana 40, aka kwashe kayan shaguna da injinan sana'a da kujerun ɗaka, amma ba su biya ba. Wanda ya san tarihin NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, da yadda Malam Aminu Kano ya yi nazarin dabarun Gandhi, da irin ɗauri da bulalar da magoya bayanta suka sha a hannun En'e saboda haraji da jangali da aikin tilas, zai ga cewa ƙin bin umarnin zalunci ba tare da ɗaga sanda ba abu ne da talakan Kano ya sani tun kafin 'yancin kai.

Nasarorin da aka samu ta wannan hanya ƙanana ne, amma ana iya auna su da igiyar awo. Da Isra'ila ta fara gina katangar da ta ce ta tsaro ce, wadda mafi yawan tsawonta ya ratsa cikin Gaɓar Yamma, mutanen ƙauyen Budrus suka yi ta fita gaban katafiloli daga ƙarshen 2003 har cikin 2004, 'yan Fatah da 'yan Hamas da mata da matasa da wasu Isra'ilawa duk a sahu ɗaya, har aka karkatar da katangar, ƙauyen ya tsira da kusan dukkan gonakinsa. A Bil'in an fara fita kowace Juma'a bayan salla tun Fabrairun 2005, aka kuma haɗa da shari'a, Kotun Ƙolin Isra'ila ta ba da umarni a 2007 a sauya wa katangar hanya, amma sai a 2011 aka zartar, kuma wani sashe ne kawai na filin ya dawo. Kafin a kai ga haka, a Afrilun 2009, gwangwanin hayaƙi mai sa hawaye ya sami Bassem Abu Rahma a ƙirji ya kashe shi.

Fasfon baƙo ma ba laya ba ne. Rachel Corrie, wata ɗaliba Ba'amurkiya mai shekara 23, ta rasu a Rafah ranar 16 ga Maris 2003 lokacin da katafilar soja ta taka ta tana tsaye gaban wani gida da take ƙoƙarin hana rusawa, kuma kotunan Isra'ila sun ɗauki abin a matsayin hatsari, hukuncin da iyayenta da shaidun da ke wurin ba su yarda da shi ba. An harbi Tom Hurndall ɗan Ingila a wannan gari bayan 'yan makonni, an kashe mutum tara a jirgin ruwan agaji na Mavi Marmara a ƙarshen Mayun 2010, an kuma harbe Ayşenur Eygi, mai takardun Turkiyya da Amurka, a Beita a Satumbar 2024. A jerin gwanon bakin iyakar Gaza da aka fara ranar 30 ga Maris 2018, Falasɗinawa fiye da 200 suka mutu, dubbai suka ji rauni, kuma jerin gwanon bai ɗage ƙawanyar da aka yi wa zirin ba. Harin da Hamas ta kai ranar 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe kimanin mutum 1,200 akasarinsu fararen hula, da yaƙin da ya biyo baya wanda ya laƙume dubun-dubatar rayuka a Gaza, sun ƙara ƙuntata wa masu bin hanyar lumana, domin ɓangare ɗaya yana kallonsu a matsayin masu rufa wa ta'adda asiri, ɗaya ɓangaren kuma yana ganin suna shuka dusa.

A nan akwai gyaran da harshen Hausa kansa yake buƙata. An saba kiran mugu ko marowaci Bayahude, har kalmar ta zama zagi, alhali cikin masu zuwa gayyar zaitun akwai malaman addinin Yahudu na wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 1988, kuma ƙungiyar B'Tselem, wadda ta yi shekaru tana raba wa ƙauyawa kyamarori domin su ɗauki abin da ake yi musu, Isra'ilawa ne suka kafa ta a 1989. Rigimar da manufofin wata gwamnati da rundunarta ce, kuma duk mai goyon bayan da ya mayar da ita ƙiyayyar ƙabila ko addini yana miƙa wa abokan hamayya hujjar da suka fi so.

Ga wanda ba zai iya zuwa gonar ba, ƙungiyoyin farar hula na Falasɗinu fiye da 170 sun fitar da kira ranar 9 ga Yuli 2005, shekara guda cif bayan Kotun Duniya ta ce gina katangar a yankin da aka mamaye ya saɓa wa doka, suna neman a ƙaurace wa Isra'ila, a janye jari, a sa mata takunkumi, har sai an kawo ƙarshen mamayar, an daidaita haƙƙin Larabawan da ke cikin Isra'ila da na sauran 'yan ƙasa, an kuma mutunta 'yancin 'yan gudun hijira na komawa gida. Isra'ila da magoya bayanta suna cewa kiran ƙiyayyar Yahudawa ce a fakaice, majalisar dokokin Jamus ta ɗauki wannan matsayi a 2019, kuma jihohin Amurka fiye da 30 sun kafa dokoki ko umarnin da ke yaƙar sa. Masu kiran kuwa sun ce daga yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu suka ɗauko darasi, kuma a wannan fage Najeriya ba 'yar kallo ba ce, domin ta kafa asusun taimakon kudancin Afirka a 1976 wanda ma'aikatan gwamnati suka riƙa zuba wani kaso na albashinsu a ciki, ta janye daga wasannin Olamfik na wannan shekara, ta karɓe kadarorin kamfanin mai na BP a 1979, sannan Ɗanmasanin Kano Alhaji Yusuf Maitama Sule ya shugabanci kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya na yaƙi da wariyar a farkon shekarun 1980.

Alaƙar Arewa da Ƙudus ma tsohuwa ce. Daura da ɗaya daga cikin ƙofofin harabar Masallacin Al-Aƙsa akwai wasu tsofaffin masaukai biyu na ƙarni na 13, inda har yau jikokin alhazan da suka fito daga Najeriya da Chadi da Sudan da Senegal suke zaune, cikinsu har da masu asalin Hausa, waɗanda kakanninsu suka zarce Ƙudus bayan aikin hajji suka kafa iyali. Sardauna Ahmadu Bello ya ƙi karɓar taimakon Isra'ila a Jihar Arewa, gwamnatin Gowon ta yanke hulɗa da ita a Oktoban 1973, Najeriya ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988, gwamnatin Babangida kuma ta maido da hulɗar a 1992. A matakin jama'a, goyon bayan ya fi fitowa ta alƙunutu a masallatai da kuma muzaharar Ranar Ƙudus da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky ke yi a Juma'ar ƙarshe ta Ramadan, wadda a Zariya, ranar 25 ga Yuli 2014, ta ƙare da sojoji sun kashe mutum fiye da 30, har da 'ya'yansa uku. Tausayin yana da yawa, amma rabuwar kai ta aƙida ta hana shi zama aiki ɗaya, kuma jerin sunayen kayan da ake yaɗawa a WhatsApp wai a ƙaurace musu sau da yawa ba ya bambance kamfanin da ke da hannu a mamaya da wanda jita-jita ce kawai ta shafa, har ya zama ƙaramin ɗan tireda ne ke kwana da asara. Ƙa'idar gayya ita ce mai gona ke nuna kunyar da za a fara da inda za a tsaya, kuma masu kiran 2005 sun daɗe suna cewa a zaɓi kamfanoni kaɗan da aka tabbatar da hannunsu, a matsa musu har su janye.

A kudu maso yammacin Baitalami, kusa da ƙauyen Nahalin, akwai wata gona a kan tudu da kakan iyalin Nassar ya saya a 1916, ya kuma yi mata rajista, abin da manoma da yawa na wancan zamani suka guje wa saboda tsoron haraji. A 1991 aka ayyana ta mallakar gwamnati, iyalin suka ɗauki takardunsu na zamanin Turkawa da Ingilishi da Jodan suka shiga kotu, shari'ar da ta haura shekara 30 ana ɗage ta. Matsugunai sun kewaye tudun, an toshe babbar hanyar shiga da duwatsu, ba a ba su izinin gini ko jan ruwan famfo ko wutar lantarki ba, don haka suke tara ruwan sama a rijiyoyi, suke amfani da hasken rana, suka kuma gyara kogunan dutse suka mayar da su ɗakuna. A Mayun 2014 katafilolin soja sun tumɓuke ɗaruruwan itatuwansu na marmari ana dab da tsinka, kuma 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban, Kiristoci da Musulmi da Yahudawa, su ne suka taya su sake dasa wasu.