Nasiha A Kan Tsohuwar Bindigar Iska: Gyara Daban, Ƙari Daban

Ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani al'amari ne da ya auku a garinmu Jiga Birni, cikin ƙasar Aliero.

Wani maƙwabcina, mai fataucin albasa, ya gāji bindigar iska daga mahaifinsa, wanda ya saye ta a kasuwar Jega tun muna yara. Da ita ake korar tsuntsaye daga gero, a kuma harbi kurciya. Da ta yi rauni, sai wani saurayi ya ce zai gyara ta a zaure, har ya ƙara mata ƙarfi. Ya sa mata sifirin da ba nata ba, ya tsiyaya mata man inji. Harbi na fari ta yi ƙara da hayaƙi, yara suka yi ta murna. Bayan kwana uku, ana cikin ɗura ta kunama ta kuɓuce, bututun ya koma da ƙarfi ya matse yatsan ɗan mai ita, ƙota kuma ta tsage.

To, domin a gane inda kuskuren yake, sai a san halittarta. Wannan bindiga ba ta cin albarushi. In an karya bututunta, sifirin na ciki ya takure, kunama ta riƙe shi. In an taɓa kunama, sifirin ya ingiza fistin, fistin ya matse iska, iskar ta fitar da ƙwayar darma mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. A bakin fistin na tsofaffin bindigogi akwai 'yar fata, irin wadda dukawanmu suka sani, ita ke hana iska zurarewa. Galibi raunin tsohuwar bindiga daga bushewar wannan fata ne, musamman bayan hunturu, ko daga gajiyar sifirin.

Masu ƙera ta sun auna kowane abu da ɗan'uwansa. Kamfanin BSA na Birmingham a Ingila, wanda aka kafa a 1861, ya fara yin bindigar iska a 1905. Masu Diana kuwa sun fara aiki a garin Rastatt na Jamus a 1890. Bayan yaƙin duniya na biyu aka kwashe injunansu zuwa Biritaniya, aka yi shekaru ana ƙera bindiga mai wannan suna a Sikotilan. Saboda haka ɗan kasuwan da ya ga Diana da hatimin Biritaniya kada ya yi gaggawar cewa jabu ce. Amma ko ta ina ta fito, kunamarta an yi ta ne daidai nauyin sifirinta. Wanda ya ɗora wa jaki kayan raƙumi, kada ya zargi jaki.

Man inji kuwa, ga illarsa. Iskar da aka matse farat ɗaya takan yi zafi ƙwarai, har ta kunna man, kamar yadda injin gas yake aiki. Ƙarar da yara suka yi wa murna ita ce ke ƙona fata, ta karya sifirin. Hakanan harba ta ba darma a ciki yana sa fistin ya bugi ƙarfe, ya lalace.

Abin da mai ita zai iya yi a gida kaɗan ne, kuma ya wadatar: ya share tsatsa da tsumma mai ɗan mai, ya ɗaure kusoshin ƙota in sun saki, ya ajiye ta inda ba laima, kada ya bar ta a ɗane ta kwana. In zai ɗura, hannu ɗaya ya riƙe bututun har ya rufe. Buɗe cikinta kuwa ba aikin zaure ba ne, gama sifirin yana takure ko ba a ɗana ba, yana iya tsalle ya sami fuska.

Sa'an nan akwai hukuma. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin waɗanda ake riƙewa da lasin daga 'yan sanda, sana'ar gyaran irinsu kuma sai da izini. Fatake masu bin hanyar Jega zuwa Maiyama sun san yawan shingaye, kada gādon uba ya jawo wa mutum kwana a ofishin 'yan sanda.

Daga ƙarshe ina jan kunnen 'yan'uwana malaman allo, domin almajirai su ne masu gadin gona da kaka. Malaman hadisi sun ruwaito hani ga jifa da tsakuwa saboda tana karya haƙori, tana fasa ido, to ina ga darma? Yaron maƙwabcina an kai shi Aliero, gidan masu ɗori, yatsansa ya warke, alhamdu lillahi. Amma duk gwanintar Aliero ba a ɗora ido.

Allah shi kiyashe mu da zuriyarmu. Wassalam.