Dubai Daga Bakin Ruwa

Duk wanda ya je Dubai ya dawo, kusan hoto ɗaya yake nuna wa mutane: ga shi tsaye ya ɗan karkace, ga Burj Khalifa a bayansa ya soki sama. Ginin ya isa a kalle shi, domin tsayinsa mita 828 ne, kuma tun da aka buɗe shi a Janairun 2010 babu ginin da ya kamo shi a duniya. Sai dai mai yini ɗaya tak a birnin, idan ya ƙarar da shi tsakanin wannan gini da kasuwar Dubai Mall da ke gindinsa, abin da aka shirya don baƙo kawai ya gani. Garin kansa yana bakin ruwa, kuma a kwanon abinci ya fi saurin bayyana.

Ruwan shi ne Khor, wani reshen teku da ya kutso cikin ƙasa ya raba Deira da Bur Dubai. A bakinsa zuriyar Maktum ta kafa sarautarta a 1833, a nan kuma aka ci arzikin lu'ulu'u kafin cinikin ya karye a shekarun 1930, lokacin da na Japan, wanda ake reno da hannu, ya cika kasuwa. Ana yawan cewa man fetur ne ya haifi Dubai, alhali ba a gano shi ba sai 1966, bayan Sheikh Rashid bin Sa'id ya riga ya sa an yashe mashigin don manyan jirage su samu shigowa. Fatauci ya girmi mai a garin nan, kuma 'yan kasuwarmu da suka daɗe suna saro kaya a Deira sun san haka ba tare da karanta tarihi ba. Shi ya sa ya fi kyau yini ya fara da abra, kwale-kwalen katako mai inji da ke tsallakar da mutane a 'yan mintoci. Ana zama ne a kan benci a tsakiya, baya da baya, warin gas na tashi, matuƙi yana miƙo hannu a zuba masa kuɗin, wanda aka daɗe ana biyan dirhami ɗaya. Daga nan ake hango jiragen katako ana lafta masu firji da tayoyi da kwalaye, za su Iran ko gaɓar Somaliya.

Abinci ya fi kowane ɗan rakiya faɗin gaskiya. Cimar 'yan ƙasar tana nan ga mai nema: machbus, shinkafa da nama ko kifi da aka dafa da busasshen lemun tsami, haris, alkama da nama da ake tuƙawa har su narke, balalit na karin kumallo, siririyar taliya mai zaƙi da wainar ƙwai a kai, haɗin da bakin Bahaushe zai fara tuhuma kafin ya yarda, sai luƙaimat, ɗan'uwan fanke, da ake yaryaɗa wa ruwan dabino. Amma a lungunan Deira abin da ke cika ciki shi ne biryani da gurasar tanderu da shawarma da shayin karak, mai kauri da madara, a ɗan ƙaramin kofin takarda. Dalilin a fili yake: 'yan asalin ƙasar kusan ɗaya ne cikin goma na mazauna, saura baƙi ne, kuma Indiyawa suka fi yawa. Wanda ya zauna cin rana a ƙaramin shago tsakanin direban Pakistan da magini ɗan Kerala ta Indiya ya ga hannayen da suka ɗora dogayen benayen garin.

Wani zai ce ai tsohon garin ma kwalliya ce. Da gaskiyarsa. Unguwar Al Fahidi, wadda fataken Bastak na kudancin Iran suka gina, an gyara ta an mayar da gidajenta shagunan zane da wuraren shan gahawa, kuma hasumiyoyin iskar da ke kan soraye, waɗanda a da suke janyo sanyi zuwa ɗaki, yanzu na'ura ta karɓe masu aiki. Kasuwar kayan ƙanshi ma ta koyi kiran baƙo da harshensa tana tura masa za'afaran. To amma gyaran bai kai cikin ruwa ba. Yawancin masu hawa abra da safe aiki za su, kuma dakon da ake yi a bakin gaɓa ba don kyamarar kowa ake yinsa ba.

Wani kuma zai ce mutum ya kashe kuɗin jirgi, me ya hana ya ɗauki hoton da ransa ke so? Babu abin da ya hana. Magana ce ta wanne zai riga wanne. Wanda ya fara da Khor, in ya hau hawa na 124 na Burj Khalifa da yamma ya leƙo ƙasa, ya san daga ina garin ya taso. Zafi ma ya goyi bayan wannan tsari, domin da bazara yakan haura digiri 40, har hukuma ke hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Safiya ta bakin ruwa ce, tsakar rana ta inuwa.

Ƙorafin da ya fi nauyi ya shafi kyamarar kanta. Idan mutane ne garin, ashe sai a bi su ana ɗauka? A'a. Dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta haramta ɗaukar hoton mutum ko yaɗa shi ba da yardarsa ba, kuma laifi ne da ke iya kai wa ga tara ko ɗauri. Haka gine-ginen soja da wasu na gwamnati. Ko babu doka, leburan da ke sauke kwali bai zo ƙasar mutane don ya zama abin kallo a wayar wani ba. Mai hankali yakan yi sallama, ya sayi shayinsa, ya nemi izini, in an ƙi ya haƙura. Abin da ya rage masa ba kaɗan ba ne: tsibin busasshen lemu a bakin shago, inuwar hasumiyar iska a jikin bango, ko jerin abra dab da magariba, lokacin da kiran salla ke tashi daga gaɓa biyu, ruwan ya yi jajir.