Kundin Waƙa Ya Fito, Amma Wa Ya Ci Riba?

Duk wanda ya san Sakkwato a shekarun 2010 zai tuna yadda matasa kan yi cincirindo a shagunan faya-fayai da ke Babbar Kasuwa da titin Sarki Yahaya a makon farko na sabuwar shekara. Ni ma na sha tsayawa a cikinsu. Abin da muke jira shi ne sabon kundin Nura M. Inuwa, mawaƙin nan na Kano da ya yi suna da fitar da kundi a farkon shekara, kamar su Afra da Wasiƙa.

A wancan lokaci hanyar a bayyane take. Mawaƙi zai shiga sutudiyo, mai kiɗan fiyano ya haɗa masa sauti, a tace, sannan 'yan kasuwar Ƙofar Wambai su buga faifan, motoci su kawo shi Sakkwato, daga nan ya ƙetara Illela zuwa Birnin Ƙonni. Ko da kaɗan ne, mai waƙa yakan ga ladan guminsa.

Sai masu tura waƙa suka kafa tebura a bakin titi. Mutum ɗaya ya sayi faifai, ya zuba a kwamfuta, ya tura wa ɗaruruwa a katin waya kan kuɗin da bai kai na kwanon fura ba. Ba zan wanke kaina ba, ni ma na miƙa wayata. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da YouTube da Audiomack suka zo, waƙa guda ta rinjayi kundi. Shaida ita ce Jaruma ta Hamisu Breaker, wadda ita kaɗai ta game gidajen Arewa a 2020.

Me ya sa wannan ya dame ni? Saboda mu Sakkwatawa mun san zafin asara. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, ba su bar mana kundaye tsararru masu kwanan wata ba. Abin da ya tsira, albarkacin gidajen rediyo ne da kaset-kaset na masu sha'awa, waɗanda manazarta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suke bi suna tsinta. Kundi taska ne: yana nuna abin da mawaƙi ya yi tunani a shekara kaza, da wanda ya yi masa kiɗa, da yadda harshensa ya nuna.

A 2023 an sa hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta haɗa har da ayyukan da ke intanet. Sai dai doka ba ta sayen waƙa. Mu da muke da albashi, muke kunna waƙoƙin nan a motocinmu da bukukuwan 'ya'yanmu, mu ne ya kamata mu saurara ta hanyar da mai ita zai amfana. In ba haka ba, jikokinmu za su yi tsintuwar da muke yi a yau.

Allah ya sa mu gyara.