Ɗaurin Ƙudan Fatsa: Kifi Shi Ne Alƙalin Ɗan Koyo

Daga wakilinmu

A ƙasarmu idan mutum zai yi fatsa, tana yakan nema ko fara ya soka a ƙugiya. Amma a Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe masu sanyi, akwai masu fatsa waɗanda ba su sa wa ƙugiyarsu koto ko kaɗan. Gashin tsuntsu da ulu da zare suke ɗaurawa a kanta har ta yi kama da ƙwaro, sa'an nan su jefa ta ruwa kifi ya cafka. Wannan ƙwaron ƙarya shi suke kira ƙuda. Saboda ba shi da nauyi, igiyar fatsar ce ake yi da nauyi domin ta kai shi nesa. Kifayen da aka fi nema da shi su ne tarawut da salmon, mazauna koguna masu sanyi.

Sana'ar ba ta yau ba ce. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makedoniya masu naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashin zakara guda 2. A cikin 1496 kuma aka buga wani littafi a Ingila wanda ya bayyana ƙudaje iri 12 da watannin da ake amfani da kowannensu.

To, wanda ya yi niyyar koyo, kayan aikinsa ba su da yawa. Na farko shi ne wani ƙarfe mai baki kamar awartaki, wanda ake kafawa a tebur ya riƙe ƙugiya kam. Sai kwarkwaron zare da mariƙinsa, da ƙaramin almakashi mai tsini, da ɗan matsi na kama bakin gashi. Ƙugiyoyin suna da lamba, kuma yadda lambar ta hau haka ƙugiyar take ƙanƙancewa, watau mai lamba 18 ba ta kai mai lamba 10 ba. Saboda haka malaman sana'ar sukan fara ɗora ɗan koyo a kan manyan ƙugiyoyi, inda yatsunsa za su sami wurin motsi. Sau da yawa ƙudan farko da yake ɗaurawa shi ne Woolly Bugger, wanda Russell Blessing na Jihar Pennsylvania ya ƙirƙiro a cikin 1967.

Aikin yana da tsari. Za a fara naɗa zare daga bayan idon ƙugiya a gangara zuwa inda ta lanƙwashe. A nan ake ɗaura wutsiya, sa'an nan a dawo gaba ana gina jiki da ulu ko gashin zomo. Kusa da ido sai a naɗa gashin wuyan kaza ya baje kamar ƙafafuwan ƙwaro, a ƙulle zare, a ɗiga ɗan ƙaro don kada ya warware. In ana son ƙudan ya tsaya a saman ruwa, gashin zakara ake sawa, domin yana da ƙarfi. In kuwa ana son ya nutse, sai a sa na kaza mai taushi, wanda ke motsi cikin ruwa kamar abu mai rai.

Kurakuran 'yan koyo kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Wani ya ja zare da ƙarfi ya tsinke, wani ya sassauta jikin ƙudan ya dinga juyawa. Wani ya cika kaya har ya toshe idon ƙugiya, ya je bakin kogi ya rasa inda zai zura igiya. Mafi yawa dai shi ne zuba gashi fiye da kima, don ɗan koyo yana ganin yawan ado shi ne gwaninta. Maganin da aka sani shi ne ya riƙe iri ɗaya ya yi ta maimaitawa, har na goma ya yi daidai da na tara.

Tarihin Frank Sawyer ya isa darasi a nan. Mai gadin kogin Avon ne a kudancin Ingila, ya rayu daga 1906 zuwa 1980, kuma ya yi shekaru yana duban 'ya'yan ƙwari da ke zaune a ƙarƙashin ruwa kafin su yi fiffike. Ya lura cewa idan suna iyo sukan manne ƙafafuwansu a jiki, saboda haka bai yi wa ƙudansa ƙafa ba. Abu 2 kaɗai ya haɗa: siririyar wayar jan ƙarfe da gashin wutsiyar fezan, wani tsuntsu dangin fakara. Ko zare babu. Har yau wannan ƙuda mai suna Pheasant Tail yana cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Akwai kuma wata hanya da kan ruɗi ɗan koyo. A ƙarni na 19 masu kuɗin Ingila sun ƙawata ƙudajen salmon da gashin tsuntsayen nesa masu wuyar samu, alhali salmon in ya dawo kogi daga teku ba ya ma cin abinci sosai. Har yanzu akwai masu ɗaura irinsu don ado kawai, ba su ko taɓa ruwa. A watan Yuni na 2009 wani saurayi Ba'amurke, ɗalibin kiɗa a Landan kuma gwanin wannan ɗauri, ya fasa gidan tarihi na garin Tring ya kwashe fatun tsuntsaye 299, waɗansunsu masanin nan Alfred Russel Wallace ne ya tattaro su. An kama shi a 2010, aka yi masa ɗaurin shekara 1 na jeka-ka-gyara-halinka a 2011. Da yawa daga fatun an riga an fige su, an cire takardun da ke nuna inda aka samo su, sun zama ba su da amfani ga masu bincike. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Ɗan koyo mai hankali ba ya bukatar wannan. Gashin kaza da na agwagwa da na ɗawisu da na zabo duk suna cikin kayan da gwanaye ke aiki da su. Ko a kogin Faro na arewacin Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, baƙi na zuwa kama giwan ruwa da tsage da manyan ƙudaje masu kama da ƙananan kifaye.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara yi shi ne ya je bakin kogi, ya ɗaga dutse, ya dubi abin da ke manne a ƙarƙashinsa: girmansa, da launinsa, da yadda yake tafiya. Daga nan sai ya koma tebur ya kwaikwaya da ɗan abin da ke hannunsa. Abokai za su iya yaba masa ko su kushe, amma hukuncin ƙarshe yana wurin kifi.