Daga atisayen teku zuwa gonakin Magariya da Dungas: a tambayi mai wuri tun kafin a kafa turke

Kwanakin baya wani manomi daga yankin Bande ya bugo mana waya a cikin shirinmu na dare, muryarsa cike da damuwa. Ya ce da sassafe ya je gona sai ya tarar da turaku masu jan fenti an jera su tun daga bakin hanya har gindin gawonsa. Ya tambayi mai gari, mai gari ya ce shi ma ganin motoci kawai ya yi. Tambayar da ya yi mana ita ce: shin doka ta yarda a auna gonar mutum ba tare da an ce masa ko sannu ba? Wannan tambaya ce ta sa muka ga ya dace mu ɗauko wa mai karatu wani labari daga nesa, daga ƙasashen da ke da teku, domin a cikinsa akwai darasi babba gare mu.

A watan Maris na shekarar 2000, mutanen tsibiran Bahamas suka wayi gari da ganin manyan dabbobin teku 17 sun fito gaɓa, mafi yawansu irin kifin nan da ake kira wel, wanda ke shayar da ƴaƴansa nono, kuma da dama daga cikinsu suka mutu. A daidai lokacin jiragen yaƙin ruwa na Amurka suna atisaye a wurin da na'urar sona, wadda ke aika ƙara mai tsananin ƙarfi a cikin ruwa don gano jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku. Su kuwa waɗannan dabbobi da ji suke neman abinci, da ji suke gane hanya. A ƙarshen 2001 rahoton da hukumomin Amurka suka fitar, wanda rundunar ruwan da kanta ta sa wa hannu, ya amince cewa ƙarar na'urar ce ta fi kama da musabbabin abin. A 2002 irin haka ta sake faruwa a tsibiran Kanari lokacin wani atisayen ƙungiyar tsaro ta NATO, har Sifaniya ta hana amfani da irin wannan na'ura a kusa da tsibiran a 2004.

To, abin lura a nan shi ne, tun ranar 1 ga Janairun 1970 Amurka take da wata doka da ta wajabta wa kowace hukumar gwamnatin tarayya, har da soja, ta binciki illar da babban aikinta zai yi wa muhalli kafin ta soma. Shekaru da dama tsarin da aka bi shi ne: rundunar ruwa ta sanar da niyyarta, ta fitar da daftarin bincike, ta ba jama'a aƙalla kwana 45 su karanta su yi ƙorafi, ta kira tarurruka a garuruwan gaɓa inda masunta da masu jiragen fito za su yi magana, sannan ta amsa ƙorafe-ƙorafen a rubuce. Ba kullum jama'a suke yin nasara ba, don a 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba rundunar gaskiya a kan wani atisaye a gaɓar Kalifoniya, ta ce bukatar horar da soja ta rinjaya. Amma a 2015 wata kotun tarayya a Hawai ta yanke hukuncin da bai yi wa rundunar daɗi ba, har aka yi sulhu ta taƙaita amfani da na'urar da abubuwan fashewa a wasu sassan teku. Ke nan ko mai bindiga, idan doka ta tsaya, sai ya zauna ya saurari mai koma.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Dungas da teku, alhali ƙasarmu ko gaɓa ba ta da ita? Gaskiya ne. Amma muna da abin da rayuwarmu ta dogara a kai kamar yadda ta masunci ta dogara a kan ruwa. Muna da fadamun Korama inda ake noman rake da kayan lambu a yankunan Bande da Waca da Guci, wuraren da ruwa ke kusa ƙwarai da doron ƙasa, har ta kai ga ɗan gurɓata kaɗan zai iya shiga rijiyoyin garuruwa da yawa. Muna da burtali da makiyaya ke bi zuwa Najeriya da dawowa. Muna kuma da gawo. Wani binciken masana na 2006 ya kiyasta cewa manoman Magariya da Matamai da Mirya sun raya itatuwa a gonakin da suka kai kimanin hekta miliyan ɗaya, ba tare da an dasa musu ba, ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa da kuma yi masa sassabe mai kyau. Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Magariya da Dungas sun haura dubu 900, kuma kowa ya san yadda gonaki suka tsuke. Wanda aka yanke wa rabin hekta a nan, an taɓa masa tuwon shekara.

Manyan ayyuka kuwa ba su daina shigowa jihar Damagaram ba. An buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011. Bututun ɗanyen mai da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar Benin, mai tsawon kusan kilomita dubu biyu, ya ratsa jihar. Ga hanyoyi, ga ramukan da ake ɗibar marmara da yashi, ga filayen da jami'an tsaro kan bukata don sansani ko koyon harbi, musamman a yanki irin namu na bakin iyaka. Babu mai hankalin da zai ƙi ci gaba ko tsaro, illa dai a san yadda za a shigo da su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mu ma muna da dokokin. Tun 1997 Nijar ta kafa tsarin binciken illar ayyuka ga muhalli, a 1998 aka yi babbar dokar kula da muhalli, sannan a watan Mayun 2018 aka fitar da doka mai lamba 2018-28, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin wannan bincike, ciki har da sanar da jama'a da jin ra'ayinsu. Hukumar BNEE ce ke duba rahotannin kafin ministan muhalli ya ba da takardar amincewa. Haka nan dokar 1961 kan karɓar fili don amfanin jama'a, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta tanadi bincike da biyan diyya. Bugu da ƙari, tsarin dokokin karkara na 1993 ya samar da kwamitocin ƙasa da aka fi sani da Kofo, tun daga matakin gunduma har zuwa ƙauye.

To, a nan gizo ke saƙa. Rahoton bincike yakan zo da Faransanci, shafi ɗaruruwa, a ajiye shi a ofis. Taron jin ra'ayi kuma sau da yawa a babban gari ake yinsa, a gayyaci masu riguna, a ɗauki hoto, a zagaya da takarda kowa ya sa hannu. Matar da ke ɗiban ruwa a rijiyar ba ta nan, makiyayin da ke bin burtalin yana daji, matashin da zai gaji gonar ya tafi cin rani Kano. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon da ya shekara sittin a wuri ya san inda ruwa ke kwanciya a shekarar ambaliya, ya san inda tsohuwar maƙabarta take, abin da injiniyan da ya zo na kwana uku ba zai gani a taswira ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomi da kamfanoni da su riƙa fassara taƙaitaccen rahoton zuwa Hausa, da Fulatanci da Barbarci a inda ake jinsu, tunda ma kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A karanta shi a gidajen rediyo fiye da sau ɗaya, a sanar da ranar taro da wuri, a guji ranar kasuwa da tsakiyar damina, a yi taron a ƙauyen da abin ya shafa, a kuma ware wa mata zamansu. Duk ƙorafin da aka yi a rubuta shi, a dawo da amsa. Mu ma ƴan rediyo da laifinmu, don mun fi gaggawar sanar da bikin buɗe aiki a kan taron jin ra'ayi.

Su kuma manoma da makiyaya, idan kun ga baƙi da ma'auni a gonakinku, ku tambaye su cikin ladabi wane aiki ne, wa ya aiko su, an yi binciken muhalli ko ba a yi ba, yaushe za a yi taro. Ku garzaya wurin Kofo ku yi wa gonakinku takarda tun kafin rana ta ɓaci. Kada ku dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta muku ba, kuma a ƙirga gawo da kuka da rijiya a gabanku da gaban shaidu, don tun ran gini ran zane.

Manomin nan na Bande mun ba shi wannan shawara, kuma mun ce ya sake bugowa ya faɗa mana yadda suka ƙare. Allah Ya sa mu dace.