Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Wata Laraba da sassafe ƙanena ya kira ni daga Bukkuyum, muryarsa tana rawa. “Yaya, kihin nan na ta mutuwa, ban san mi ya same su ba.” Kwana goma sha biyu ke nan da ya zuba ’ya’yan tarwaɗa dubu ɗaya a cikin kwamin tamfol da ya kafa a bayan gida. Jarin kuwa ragunansa biyu ne da ya sayar, da kuma kuɗin adashin mahaifiyarmu da ta ranta masa. Kafin mako ya zagayo, abin da ya rage bai kai rabi ba.

Da na isa gida, na tarar kowa da nasa bayani. Shi yana zargin wanda ya sayar masa da irin, maƙwabta kuma suna cewa baki ne ya kama sana’ar. Na tambaye shi yadda ya fara. Ashe da safe ya cika kwamin da ruwan rijiyar burtsatse, da yamma ya zuba kifin. Yana ba su abinci sau huɗu a rana, hannu sake, don su yi saurin girma. Ruwa kuwa bai taɓa sauyawa ba, saboda tsadar man janareto, kuma a ganinsa ruwan bai yi datti ba. Na ɗebi kaɗan a ’yar kwalba, na ɗiga maganin gwajin da na zo da shi. Launin da ya fito ya nuna amoniya ta yi yawa ƙwarai. Ruwan da kansa ne ya kashe kifin.

Abin ya tuna mini da zamanin da nake karatun digiri na uku a Maleshiya. Wani abokin karatuna yana da sha’awar kiwon kifayen teku da murjani a cikin akwatin gilashi. Na ga lokacin da ya haɗa sabon akwati: ya narka gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, gwargwadon na ruwan teku, ya jera duwatsu, ya kunna injin da ke juya ruwan, sannan ya bar shi fayau, babu kifi ko ɗaya, har fiye da wata guda. Kullum sai ya gwada ruwan ya rubuta a littafi. Na yi masa ba’a, na ce ya sayi tukunya ya hana ta miya. Amsar da ya ba ni ita ce, mai kiwon kifi ruwa yake kiwo, kifin baƙo ne, kuma ba a saukar da baƙo a ɗakin da ba a share ba.

Hikimar wannan jira tana da tushe a kimiyya. Kifi yana fitar da amoniya daga jikinsa, ragowar abinci ma idan ta ruɓe amoniya take zama, kuma ko kaɗan ce guba ce gare shi. Tun wajajen 1890 masanin nan Sergei Winogradsky ya nuna cewa wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke sarrafa ta. Rukuni na farko yana mayar da amoniya nitirait, wadda ita ma guba ce, domin tana hana jinin kifi ɗaukar iskar oksijin. Rukuni na biyu yana mayar da nitirait nitiret, wadda illarta kaɗan ce, tsirrai ma taki ce a gare su. Matsalar ita ce waɗannan ƙwayoyi ba su da saurin yaɗuwa. Sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su zauna sosai a jikin duwatsu da matatar ruwa. Sabon kwami, komai tsabtarsa a ido, bai mallaki waɗannan ma’aikata ba tukuna.

Mai karatu zai iya cewa, ai tarwaɗa ba murjani ba ce, kifi ne mai taurin rai da ke rayuwa ko a cikin taɓo. Gaskiya ne, tana iya shaƙar iska daga saman ruwa, shi ya sa take jure ƙarancin oksijin. Sai dai wannan baiwa ba ta kare ta daga amoniya, balle ’ya’yanta ƙanana. Haka kuma yanayinmu yana ƙara tsananta lamarin, domin gubar amoniya tana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi, ko kuma ma’aunin nan na pH ya haura. Abin da ake so shi ne ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Gummi ko Anka zai gane abin da nake nufi.

Saboda haka kowane irin kwami da nasa shiri. Na siminti, idan sabo ne, yana sakin sinadarin da ke ɗaga pH, don haka a jiƙa shi da ruwa na kimanin mako biyu, ana zubarwa ana sakewa, kafin kifi ya shiga. Na ƙasa, wanda aka haƙa, ana sa masa taki a jira ruwan ya yi kore-kore, alamar ƙananan halittun da kifi ke ci sun samu. Na tamfol kuwa, tun da yawanci ba shi da matata, ba zai taɓa tara isassun bakteriya ba, don haka maganinsa sauya wani kaso na ruwan a kai a kai, da tsotse dattin da ya kwanta a ƙasa. Ruwan burtsatse yakan fito da ƙarancin oksijin, sai a bar shi ya sha iska. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin a bar shi ya kwana a buɗe. Abinci kuma a ba da abin da za su cinye cikin ’yan mintuna. Duk abin da ya nutse, asarar kuɗi ce yau, guba ce gobe.

Mu mutanen wannan yanki muna da dalili na musamman na jin tsoron abin da ido ba ya gani. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci na gari na kowa ta gano gubar dalma a ƙauyuka irin su ’Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, sakamakon niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Har kududdufan da ake wanke ƙasar zinari a cikinsu sun gurɓata. Dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa, kuma babu bakteriyar da ke cinye ta. Duk wanda ya mayar da tsohon ramin haƙar ma’adinai ko kududdufin wanki wurin kiwon kifi ba tare da an kai ruwan da ƙasar ɗakin gwaji ba, yana wasa da lafiyar ’ya’yan mutane.

Ina ganin kiwon kifi a bayan gida zai ƙara karɓuwa a wurinmu, musamman yanzu da rashin tsaro ya sa gonakin nesa suka yi wuyar zuwa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake gudanar da shirye-shiryen tallafa wa matasa: a raba tamfol da ’ya’yan kifi rana ɗaya, a ɗauki hoto, a watse. Wannan rabon asara ne. Kamata ya yi horo ya riga kaya, a ba da kwami a yau, irin kifi bayan an tabbatar ruwa ya shiryu. Ƙasar nan tana da cibiyar binciken kifayen ruwan daɗi a New Bussa ta Jihar Neja, jami’o’inmu kuma suna da sassan nazarin kifi. Me zai hana ƙananan hukumomi su nemi ƙwararru daga can? Su ma masu kiwon, mutum goma za su iya haɗa kuɗi su sayi kayan gwaji guda, su riƙa karɓa-karɓa. Mu malaman jami’a ma muna da laifi, domin iliminmu ya tsaya a mujallun Turanci da manomi ba ya karantawa. Ni kaina sai da gobara ta shigo gidanmu na tuna da haka.

Ƙanena ya sake gwadawa, wannan karon da kifi ɗari uku kacal. Ya sayi littafi yana rubuta ranar da ya sauya ruwa da abin da gwaji ya nuna, kuma ruwan da ya zubar yana bi ta ’yar kwata zuwa fadamar alayyahun mahaifiyarmu. Bai gama biyan ta bashin adashin ba tukuna, amma wata na uku ke nan, kifi bakwai kawai ya rasa. Da na kira shi jiya, ban tambaye shi lafiyar kifi ba. Cewa na yi, “Ƙane, yaya ruwa?”