Daga tama zuwa rodi: Tarihin kamfanin murza ƙarfe na Katsina da yadda faɗuwarsa ta shafi magina a yammacin Zamfara

Duk mai shirin zuba dakin ko tayar da ginshiƙin masallaci a Gummi, Anka, Bukkuyum ko Zugu, da wuya lissafinsa ya wuce rodi bai tsaya ba. Bayan siminti, babu abin da ke cin kuɗin gini kamarsa, kuma babu ko sanda ɗaya da ake sarrafawa a yankin. Sai an ɗoro shi a kan tirela daga nesa, ya bi hanyoyin da matsalar tsaro ta sa kuɗin dako ya hau. Fiye da shekaru 40 da suka wuce gwamnatin tarayya ta yi tanadin da ya kamata a ce ya sauƙaƙa wannan wahala, lokacin da ta kafa kamfanin murza ƙarfe a Katsina. Tarihin kamfanin yana bayyana abubuwa da dama game da tsadar rodi da kuma ingancinsa a yau.

Kafin zuwan masana'anta

Sarrafa ƙarfe ba baƙon abu ba ne a Arewa. Masu binciken kayan tarihi sun gano murahun narkar da tama a Taruga, kusa da Abuja, waɗanda suka haura shekara 2,000. A Kano kuwa, tarihin baka ya danganta kafuwar gari da maƙeran da suka zauna a gindin dutsen Dala saboda tama. Maƙeri yakan haƙo tama, ya zuba ta cikin murhun laka tare da gawayi, a yi ta zuga har ƙarfe ya rabu da kashinsa. Da wannan ƙarfe ake ƙera fartanya, garma, lauje da takobi.

Sana'ar ta fara ja da baya ne da zuwan Turawa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kuma zo da ƙarfen Turai mai araha. Daga baya tsofaffin ƙarafan mota suka wadata, sai maƙera suka ga babu dalilin kwana a bakin murhun tama alhali ga ƙarfe nan a kasuwa. Ƙira ta ci gaba, narkar da tama kuwa ta mutu.

Burin gwamnati

A 1971 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar bunƙasa harkar ƙarafa ta ƙasa. Tsarin da aka bi daga baya ya ƙunshi manyan masana'antu biyu da ƙananan kamfanonin murza ƙarfe uku. Ta farko ita ce Ajaokuta, a jihar Kogi ta yanzu, wadda Tarayyar Sobiyet ta gina, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta a 1980. Ta biyu ita ce Delta Steel da ke Aladja kusa da Warri, wadda aka buɗe a 1982. Kamfanonin murza ƙarfen an kafa su a Katsina, Jos da Osogbo, kowanne da ƙarfin fitar da tan 210,000 a shekara. Kamfanin Kobe Steel na Japan ne ya gina na Katsina, wanda shi ma ya fara aiki a 1982.

Aikin irin wannan kamfani ba narkar da tama ba ne. Ana kawo masa ƙarfe cikin siffar dogayen sanduna masu kusurwa huɗu, waɗanda ma'aikata ke kira bilet. Sai a gasa su a tanderu har su yi jawur, a tura su tsakanin na'urori masu juyawa, kowace tana matse su tana ƙara musu tsawo, har su fito rodi ko waya. Ke nan rayuwar kamfanin Katsina ta rataya ne a kan bilet ɗin da Aladja za ta aiko.

Inda gizo ya yi saƙa

Tazarar da ke tsakanin Aladja da Katsina ta kai kusan kilomita 1,000, kuma babu layin dogo da ya haɗa su, don haka komai sai a mota. Ita kanta Aladja ba ta taɓa kaiwa ga tan miliyan ɗaya da aka tsara mata a shekara ba, saboda ƙarancin wutar lantarki, rashin kuɗin gudanarwa da dogaro da tamar da ake shigowa da ita daga waje. Ajaokuta kuwa, har yau babban murhunta bai taɓa narkar da tama ba. Layin dogon da ya haɗa ma'adinar Itakpe da Ajaokuta da Warri, wanda aka fara a 1987, sai a 2020 aka ƙaddamar da shi.

Da bilet ya yanke, injinan Katsina suka riƙa tsayawa na tsawon watanni. A zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo aka sayar da kamfanonin uku, na Katsina ya koma hannun Dana Steel a 2006. An kuma miƙa Ajaokuta ga wani kamfanin Indiya, gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta soke yarjejeniyar a 2008, rikicin bai ƙare ba sai a 2022, lokacin da Nijeriya ta amince ta biya dala miliyan 496. A 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikata ta musamman domin harkar ƙarafa.

Giɓin da aka bari, kamfanoni masu zaman kansu ne suka cike shi, galibinsu a Legas da Ogun. Maimakon tama, suna narkar da tsofaffin ƙarafan da 'yan gwangwan ke tattarowa. Wannan ne dalilin da tirela ke tashi daga Arewa cike da gwangwan, wata ta dawo da rodi, kuma mai gini ne ke biyan dakon zuwa da na dawowa.

Abin da mai gini ya kamata ya sani

Kankare yana jure nauyin da ya danne shi, amma ba ya jure ja. Rodi ne ke ɗaukar wannan ja a cikin dakin da ginshiƙi, shi ya sa aikin mai lanƙwasa rodi da ɗaure shi yake da muhimmanci kamar na birkila. Shi ke yanka sanduna, ya lanƙwasa zobban da ke riƙe ginshiƙi, ya bar tazara tsakanin ƙarfe da katako domin kankare ya lulluɓe rodin, kada ruwa ya kai gare shi ya yi tsatsa.

Narkar da gwangwan ba laifi ba ne, ƙasashe da yawa da shi suke yin rodi. Matsalar tana tasowa ne idan ba a tace ƙarfen ba, ko aka rage masa kauri. Rodin da sinadaransa ba su daidaita ba yakan tsage ko ya karye a wurin lanƙwasa, kuma wannan ita ce alama ta farko da ƙwararren ma'aikaci ke lura da ita. Game da kauri, lissafin a fili yake: idan aka sayar da rodi mai milimita 11 da sunan mai 12, an rasa kusan kashi 16 cikin 100 na ƙarfen, ko da yake ido ba zai gane ba. Sikeli ne ke tona asiri. Cikakkiyar sanda mai milimita 12, tsawon mita 12, tana da nauyin kusan kilo 10.7, mai milimita 16 kuma kusan kilo 19. Tan guda na mai milimita 12 bai kamata ya wuce sanduna 93 ko 94 ba, don haka yawan sanduna fiye da kima a cikin tan ba garaɓasa ba ce. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta wajabta wa kamfanoni buga alamarsu a jikin rodi, domin a san inda ya fito.

Haka nan injiniyoyi na gargaɗi kan gasa rodi da wuta domin ya yi saurin lanƙwasuwa, da miƙar da wanda aka riga aka lanƙwasa a sake amfani da shi, domin duka biyun suna raunana ƙarfe.

Batun ya ƙara muhimmanci a yammacin Zamfara tun bayan ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024, wadda ta rushe gidaje da dama. Iyalan da ke sake gini da bulo da siminti suna yin haka ne cikin ƙarancin kuɗi, kuma a irin wannan hali ne rodi mai araha ke samun kasuwa. Kafin a ga ranar da Ajaokuta za ta fara aiki, kariyar da ta rage wa mai gini a Zugu ko Anka ita ce ya auna rodin, ya duba alamar kamfani, ya kuma sa a lanƙwasa sanda ɗaya a gabansa kafin ya biya kuɗi.